Tarzomar Los Anjalis ta 1992: Tambayoyi da amsoshi kan zaluncin 'yan sanda da abin da ya biyo baya

Duk sanda aka nuno wani birnin Amurka yana ci da wuta bayan ɗan sanda ya kashe baƙar fata, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa a majalisa da shafukan sada zumunta. Na zaɓi in amsa su ta hanyar lamari guda, wato abin da ya faru a Los Anjalis ta jihar Kalifoniya tsakanin 1991 da 1993, domin a cikinsa akwai komai: duka, bidiyo, kotu, wuta, da kwamitocin bincike.

Wane ne Rodney King, kuma me aka yi masa?

Baƙar fata ne ɗan shekara 25. Bayan tsakar daren 3 ga Maris, 1991, 'yan sandan kan hanya suka ga motarsa tana sharara gudu, suka bi shi. Bai tsaya ba sai da aka yi ta tsere, daga ƙarshe ya tsaya a unguwar Lake View Terrace. Mutum biyu da ke cikin motar suka fito aka ɗaure su. Shi kuma aka harba masa na'urar lantarki mai sandarar da jiki har sau biyu, sannan kulki ya fara sauka.

Ƙarar jirgi mai saukar ungulu da jiniya ne suka tayar da wani mai aikin famfo, George Holliday, daga barci a gidan bene da ke tsallaken titi. Yana da sabuwar kyamarar bidiyo, sai ya fito baranda ya kunna. Abin da ta ɗauka: mutum a kwance a ƙasa yana birgima, yana yunƙurin tashi yana komawa, 'yan sanda biyu suna zabga masa kulkin ƙarfe a ƙafa, a baya, a kafaɗa, wani ya sa takalmi ya taka shi, sajan ɗin da ke jagorantarsu yana tsaye yana ba da umarni. An ƙirga duka 56 ban da shuri. Wasu 'yan sanda fiye da goma suna tsaye suna kallo, babu wanda ya ce ya isa. King ya samu karaya a ƙashin kunci da ƙafa, fuska ta kumbura har ba a gane shi.

Holliday ya fara kiran ofishin 'yan sanda ne, ya ce yana da kaset. Ba su nuna sha'awa ba. Sai ya kai wa gidan talabijin na KTLA, daga nan duniya ta gani.

Amma ai gudu ya yi, kuma a buge yake. Ba tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka ba?

Ya yi laifi, ba a musun wannan. Ya sha barasa, kuma bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba bisa sharaɗi, bayan zaman da ya yi kan laifin fashi. Shi da kansa ya ce tsoron a mayar da shi ne ya hana shi tsayawa. 'Yan sandan sun ce sun zaci ya sha wata ƙwaya mai haukatarwa da ake kira PCP, amma gwajin asibiti bai nuna ta a jininsa ba.

Sai dai aikin ɗan sanda shi ne kamawa. Hukunci na alƙali ne. Ana ba ɗan sanda izinin yin amfani da ƙarfi gwargwadon abin da zai sa ya kama mutum, kuma da zarar mutum ya kai ƙasa, kewaye da maza fiye da goma masu bindiga, izinin ya ƙare. Duk dukan da ya sauka bayan nan ba kamu ba ne, horo ne ba tare da shari'a ba. Idan muka yarda cewa mai tarihin laifi ba shi da haƙƙi a hannun hukuma, to mun ba kowane ɗan sanda kujerar alƙali a bakin titi, kuma ranar da ya yi kuskuren mutum babu inda za a ɗaukaka ƙara. Abin lura: daga baya ba a ma gurfanar da King kan komai daga abin da ya faru a daren ba.

Ga bidiyo kowa ya gani. Ta yaya kotu ta wanke su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya, kuma amsarta kashi uku ce.

An gurfanar da mutum huɗu: Sajan Stacey Koon, Laurence Powell, Timothy Wind da Theodore Briseno. Lauyoyinsu suka ce ba za a yi musu adalci a Los Anjalis ba saboda maganar ta cika gari, kotun ɗaukaka ƙara ta yarda a sauya wuri. Aka kai shari'ar Simi Valley, wani gari a gundumar Ventura wanda mafi yawan mazaunansa fararen fata ne, kuma 'yan sanda da yawa a can suke da gidaje. A tsarin Amurka, mutum goma sha biyu daga cikin jama'ar yanki ne ke zama su taimaka wa alƙali, su ne ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba. A cikin sha biyun nan goma fararen fata ne, ɗaya 'yar asalin Latin Amurka, ɗaya 'yar asalin Asiya. Babu baƙar fata ko ɗaya.

Na biyu, yadda aka sarrafa bidiyon. Lauyoyin kariya ba su bar shi ya tafi da saurinsa ba. Sun yanyanka shi hoto-hoto, suna tsayar da shi suna cewa ga nan ya ɗaga ƙafa, ga nan ya lanƙwasa gwiwa, wannan alamar zai tashi ne, don haka dukan da ya biyo ya dace da horon da aka ba su. Mutumin da ake duka dole ya motsa, amma a kotun kowane motsi ya zama hujjar duka na gaba. Idan ka kalli abu sau talatin a hankali, tsigar jikinka takan daina tashi. Akwai kuma 'yan daƙiƙoƙin farko na kaset ɗin, masu dishi-dishi, inda King ya tashi ya nufi wajen Powell. Yawancin gidajen talabijin sun yanke wannan wurin, masu taimaka wa alƙali kuwa sun gan shi, kuma aka gina musu labarin duka a kansa.

Na uku, masu gabatar da ƙara ba su kira King ya ba da shaida ba, suna tsoron a tono tarihinsa. Sai ya zama mutanen kotun sun ji muryar 'yan sanda, sun ga fuskokinsu, shi kuwa ya tsaya a matsayin inuwa a cikin kaset.

Ranar 29 ga Afrilu, 1992, da misalin ƙarfe uku da kwata na yamma, aka wanke su daga dukkan tuhume-tuhume, ban da guda ɗaya a kan Powell da aka kasa cimma matsaya.

Me ya sa gari bai kama ranar da aka ga bidiyon ba, sai bayan fiye da shekara?

A ganina nan ne zuciyar maganar take, kuma nan ne masu sharhi suka fi yin tsallake. Mutanen kudancin birnin sun ga dukan a watan Maris na 1991. Sun yi fushi, sun yi zanga-zanga, amma ba su ƙona ko rumfa ba. Kusan wata goma sha huɗu suka yi suna jiran kotu.

Dukan ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Sun daɗe suna faɗa ana ce musu ina shaida. To yau ga shaida, gani ya kori ji, har shugaban ƙasa George Bush babba ya ce abin ya tayar masa da hankali. Limaman coci da dattawan unguwa suka yi ta ba matasa haƙuri cewa wannan karon doka za ta yi aikinta. Da hukuncin ya fito, saƙon da ya isa unguwa shi ne: ko da kyamara, ko da duniya ta gani, ba ku da inda za ku kai kuka. Dattawan da suka ce a jira ba su da sauran abin faɗa wa yaransu. An daki mutum, ya yi haƙuri ya kai ƙara, aka ce masa ba a dake shi ba.

Ana yawan ambaton wata yarinya, Latasha Harlins. Mece ce alaƙarta da wannan?

Kwana goma sha uku bayan dukan King, ranar 16 ga Maris, 1991, Latasha, 'yar shekara 15, ta shiga wani kanti ta ɗauki kwalbar lemon zaƙi ta dala 1 da santi 79 ta sa a jakar bayanta, kan kwalbar a waje, tana riƙe da dala biyu a hannu. Mai kantin, Soon Ja Du, 'yar asalin Koriya, ta zarge ta da sata, ta cafko rigarta. Latasha ta kai mata naushi, matar ta jefe ta da kujera. Yarinyar ta ajiye lemon a kan kanta, ta juya za ta fita. Matar ta ɗauko bindiga ta harbe ta a ƙeya. Kyamarar kantin ta ɗauki komai. Da kuɗin a hannunta ta mutu.

An samu matar da laifin kisa wanda hukuncinsa kan kai shekara 16. Alƙaliya Joyce Karlin ba ta tura ta kurkuku ko na kwana ɗaya ba bayan hukunci: sa-ido na shekara biyar, aikin al'umma na awa 400, da tarar dala 500. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da wannan kimanin mako guda kafin a wanke 'yan sandan King. Duk mai 'ya mace ya auna yadda wannan zai zauna a ƙirjinsa. Bidiyo biyu, kotu biyu, amsa ɗaya, cikin kwana takwas.

Ina 'yan sanda suke lokacin da rikicin ya fara?

Sun janye. Da yammacin ranar, kusa da mahaɗar titin Florence da Normandie, jama'a suka taru ana jifa, sai jami'in da ke jagorantar 'yan sandan wurin ya ba da umarnin a bar wajen. Ba su dawo ba tsawon sa'o'i. A cikin wannan tazarar aka yi ta fito da masu mota ana duka. Da misalin bakwai saura kwata aka janyo wani direban babbar mota farar fata, Reginald Denny, aka rotsa masa kai da bulo, jirgin 'yan jarida yana sama yana watsawa kai tsaye. Duk mai talabijin a birnin ya ga abu biyu a lokaci guda: ana neman kashe mutum, kuma babu hukuma. Wanda ke da niyyar ɓarna ya fahimci cewa ƙofa a buɗe take.

Shugaban rundunar, Daryl Gates, a daidai wannan lokacin ya bar hedikwata ya tafi unguwar masu kuɗi ta Brentwood, wajen taron tara kuɗi don yaƙar wata ƙuri'ar gyaran aikin 'yan sanda. Shi da magajin gari Tom Bradley, baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar, sun fi shekara ba su yi magana da juna ba. Gwamna Pete Wilson ya kira dakarun ko-ta-kwana na jiha, amma suka makara, har da matsalar rashin isowar harsasai. Sai da shugaban ƙasa ya turo sojoji kafin ƙura ta lafa. An ɗage dokar hana fita ranar 4 ga Mayu. Kwamitin da William Webster, tsohon shugaban hukumar FBI, ya jagoranta daga baya ya tabbatar da cewa rundunar ba ta da wani tsayayyen shiri, duk da cewa kowa ya san ranar hukunci tana tafe.

Wannan shi ne abin da ya fi ƙona wa mazauna unguwannin rai. Rundunar da ke tare 'ya'yansu kullum, tana kwantar da su a kan kwalta don bincike, ita ce ta ɓace a daren da suka fi bukatar ta.

Asarar ta kai nawa?

An fi ambaton mutum 63 da suka mutu, goma daga ciki jami'an tsaro ne suka harbe su. Fiye da 2,300 sun ji rauni, an kama fiye da 12,000, dukiyar da ta salwanta ta kai kusan dala biliyan 1. Ya zarce rikicin unguwar Watts na 1965 a birnin, wanda shi ma kamun wani direba baƙar fata ne ya tayar da shi, aka rasa rai 34.

Wato faɗa ne tsakanin baƙaƙe da farare?

Ba haka kawai ba ne, kuma wanda ya tsaya a nan bai ga rabin hoton ba. Cikin waɗanda aka kama, 'yan asalin Latin Amurka sun fi baƙaƙen fata yawa, kusan rabi ne. Da yawansu talakawa ne sababbin zuwa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya, wasu kuma daga ofishin 'yan sanda aka miƙa su ga hukumar shige da fice aka kore su daga ƙasar.

Waɗanda suka fi asarar dukiya kuwa 'yan Koriya ne. Kimanin shaguna 2,300 nasu aka ƙona ko aka wawashe, asarar ta kusa dala miliyan 400. Baƙi ne da suka zo suka buɗe ƙananan kantuna a unguwannin da manyan kamfanoni suka guje wa. Harshe bai haɗa su da abokan cinikinsu ba, zargi ya yi yawa ta kowane ɓangare, ga kuma jinin Latasha. Da wuta ta nufo su suka yi ta buga waya babu mai zuwa, suna ganin an ja layin tsaro ta wajen unguwannin masu hali. Shi ya sa wasunsu suka hau rufin shaguna da bindigogi. Wani saurayinsu ɗan shekara 18, Edward Song Lee, ya mutu a musayar wuta lokacin da ya fita taimakon masu shago. Har yau 'yan Koriyan Amurka suna kiran abin da Sa-i-gu, wato huɗu-biyu-tara a harshensu, ranar 29 ga watan huɗu.

Sannan kada a manta da waɗanda suka ceci Denny. Baƙaƙen fata huɗu ne, maza biyu mata biyu, 'yan yankin. Suna gida suka gani a talabijin, suka fito suka shiga cikin tarzomar. Ɗayansu direban babbar mota ne, shi ya hau ya ja motar Denny, wata tana riƙe da shi a ciki tana yi masa magana don kada ya tafi, wani yana maƙale a gefen motar, ta huɗun kuma tana gaba da ƙaramar mota tana buɗe hanya har asibiti. Likitoci suka ceto ransa.

Kamar kana neman uzuri ga masu ƙone-ƙone da wawaso?

A'a. Wanda ya rotsa kan Denny azzalumi ne, kuma an ɗaure shi, ya dace. Matar da ta tara kuɗi shekara goma ta buɗe shago aka ƙona mata ba ta doki kowa ba. Galibin waɗanda suka mutu ma baƙaƙe ne da 'yan Latin, kuma unguwannin da suka ƙone nasu ne. Bayan wutar ta mutu, tsoho mai ciwon suga ya tashi ya ga babu kantin magani, mai jego ta ga babu inda za ta sayi madara.

Bayyana dalilin abu daban, halatta shi daban. Ruwa ba ya tsami banza. Masana'antun taya, ƙarfe da motoci da suka ciyar da kudancin birnin sun rufe tun ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, hodar iblis mai araha ta shigo, ƙungiyoyin daba suka yi ƙarfi. Amsar da hukuma ta bayar ita ce samame: a ƙarshen shekarun 1980 akan kama matasa fiye da dubu a ƙarshen mako guda, a saki mafi yawansu ba tare da tuhuma ba. A watan Agusta na 1988 'yan sanda kimanin 80 suka afka wa wasu gidaje a titin Dalton neman ƙwaya, suka farfasa bango, masai da kayan ɗaki, suka rubuta sunan rundunarsu da fenti a bango. Abin da suka samu ɗan kaɗan ne, birnin ya biya diyyar miliyoyin daloli. Wanda ya la'anci wutar 1992 ya yi shiru kan waɗannan shekarun, rabin gaskiya ya faɗa.

Ba wake ɗaya ne ke ɓata gari ba? Ai yawancin 'yan sanda mutanen kirki ne.

An bincika wannan, kuma amsar tana da ban sha'awa. Bayan dukan King an kafa kwamiti ƙarƙashin Warren Christopher, wanda daga baya ya zama sakataren harkokin wajen Amurka. Rahotonsa ya fito a Yulin 1991. Ya gano cewa lallai 'yan kaɗan ne suke maimaita ta'asar: a runduna mai mutum fiye da 8,000, jami'ai 44 ne aka kai ƙarar kowannensu sau shida ko fiye tsakanin 1986 da 1990 kan wuce gona da iri. Amma rundunar ta san su. Rahoton aikinsu na shekara cike yake da yabo, ana ƙara musu girma. Cikin ƙorafe-ƙorafe 2,152 da jama'a suka shigar kan amfani da ƙarfi fiye da kima, 42 kacal aka tabbatar. Mai zuwa kai ƙara akan bar shi a benci na sa'o'i, ko a tsorata shi.

Kwamitin ya kuma karanta saƙonnin da 'yan sintiri ke tura wa juna ta kwamfutar mota. Akwai masu kamanta baƙaƙen fata da birai, akwai masu alfahari da duka. Sun san ana adana saƙonnin, amma ba su damu ba, don sun san babu mai tambaya. Shi kansa Gates a 1982, da aka tambaye shi dalilin da baƙaƙe ke yawan mutuwa idan an shaƙe su, ya ce wataƙila jijiyoyin wuyansu ba sa buɗewa da sauri kamar na mutane na ainihi.

Don haka eh, waken kaɗan ne. Amma mai tuwo ya gan su, ya bar su a ciki. Ka tuna da goma sha wani abu da suka tsaya kallo a daren King. Su ba su ɗaga kulki ba, amma ba su hana ba.

Daga baya an hukunta wani?

Eh. A Amurka ba a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya, amma gwamnatin jiha da ta tarayya hukumomi ne daban. Sai ta tarayya ta gurfanar da su kan tauye wa King haƙƙinsa na ɗan ƙasa. Wannan karon a cikin Los Anjalis aka yi, akwai baƙaƙe biyu cikin masu taimaka wa alƙali, kuma King ya tsaya ya yi magana da bakinsa. Ranar 17 ga Afrilu, 1993 aka samu Koon da Powell da laifi, aka ɗaure kowanne wata 30. An sallami Wind da Briseno. Gari bai motsa ba. A 1994 kotu ta ba King diyyar dala miliyan 3.8.

Me ya sa har yanzu da wuya a ɗaure ɗan sanda a Amurka?

Dokar kanta tana ba shi fili. A hukuncin Graham da Connor na 1989, Kotun Ƙoli ta ce za a auna ƙarfin da ɗan sanda ya yi amfani da shi ne da idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin a wannan daƙiƙar, ba da idon wanda ya zauna daga baya yana nazari ba. A aikace, idan ya ce na ji tsoron raina, nauyin ya koma kan mai ƙara. Akwai kuma wata kariya da kotuna suka gina, wadda ke hana a kai ƙarar jami'i don neman diyya sai an nuna cewa wata kotu ta taɓa haramta kusan irin abin da ya yi.

Bayan doka akwai zamantakewa. Mai gabatar da ƙara na gunduma da 'yan sanda yake aiki kullum, su ne shaidunsa, kuma zaɓensa ake yi, ƙungiyar 'yan sanda tana da ƙuri'a da kuɗi. Abokan aiki ba sa tona wa juna asiri. Sannan ƙasar ba runduna ɗaya gare ta ba, kusan 18,000 ne, don haka wanda aka kora a wannan gari yakan samu aiki a na gaba. Diyyar ma ba daga aljihun mai laifi take fita ba, daga baitulmalin birni ne, wato harajin mutanen da aka zalunta yana ciki.

To, wani abu ya canza?

Ya canza, ko da yake a hankali kuma yana iya komawa. A Yunin 1992 mutanen birnin suka amince da gyaran da Gates ya je yaƙa: shugaban 'yan sanda ba zai wuce wa'adi biyu na shekara biyar-biyar ba, kuma farar hula sun samu ƙarin iko a kansa. Gates ya sauka, Willie Williams daga Filadelfiya ya zama baƙar fata na farko a kujerar. A 1994 majalisar ƙasa ta ba Ma'aikatar Shari'a ikon bincikar runduna gaba ɗayanta idan zalunci ya zama mata ɗabi'a. Da wannan ikon aka sa rundunar Los Anjalis ƙarƙashin sa-idon kotun tarayya daga 2001 zuwa 2013, bayan wata badaƙala a ofishin Rampart inda aka samu 'yan sanda suna satar ƙwaya suna ɗora wa mutane laifin ƙarya.

Ranar 25 ga Mayu, 2020 a Miniyapolis, wani ɗan sanda, Derek Chauvin, ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa fiye da minti tara. Wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da waya. Sanarwar farko ta 'yan sanda cewa ta yi mutumin ya samu matsalar lafiya. Wannan karon an samu ɗan sandan da laifin kisa, aka ɗaure shi shekara 22 da rabi, shugaban rundunarsa da kansa ya ba da shaida a kansa, sauran ukun da ke wurin ma aka ɗaure su. Wannan ci gaba ne na gaske. Amma dokar gyara da aka sa wa sunan Floyd ta maƙale a majalisar dattawa, kuma ƙididdigar da jaridar Washington Post ta fara a 2015 ta nuna 'yan sanda suna harbe kimanin mutum dubu a shekara, baƙar fata kuma ya ninka farar fata fiye da sau biyu a yiwuwar shiga wannan lissafin.

Mu da muke nan, me ya shafe mu?

'Yan'uwanmu suna can, kuma ɗan sanda a titi ba ya tambayar ko kai ɗan Kano ne ko jikan bayi. Amadou Diallo ɗan asalin Gini ne, Musulmi, ɗan shekara 23, yana tallan kaya a titin Niyok. Daren 4 ga Fabrairu, 1999 yana ƙofar gidansa a yankin Bronx na birnin, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tunkare shi. Ya sa hannu ya ciro walat. Suka harba harsashi 41, 19 suka same shi. An ɗauke shari'ar daga birnin zuwa garin Albany, aka wanke su duka huɗun.

A gida kuwa launin fata ba shi ne ma'auni ba, amma wanda ya ga zanga-zangar neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS a Oktoban 2020 ya san sauran labarin: ƙorafi na shekaru da ba a saurara ba, bidiyo a waya, sanarwar rushewa, harbin Lekki, wawason rumbuna, sannan kwamitocin bincike a jihohi. Bambancin da ke tsakanin ƙasashen biyu babba ne, ba na haɗa su a ma'auni ɗaya.

Ina Rodney King ya ƙare?

A rana ta uku ta tarzomar, 1 ga Mayu, aka fito da shi gaban kyamarori. Lauyoyi sun shirya masa takarda, bai karanta ba. Muryarsa tana rawa, yana in'ina, ya roƙi a daina, ya ambaci tsofaffi da yara da abin ke wahalarwa, ya tambaya ko ba za mu iya zama lafiya da juna ba. Mutumin da aka karya wa fuska ne yake roƙo a bar gari ya huta.

Bai samu hutun ba shi kansa. Kaso mai yawa na diyyar ya tafi wajen lauyoyi, ya yi ta fama da shaye-shaye, an sake kama shi sau da dama. Ya ce ya yafe wa waɗanda suka dake shi. Ranar 17 ga Yuni, 2012 aka tsinci gawarsa a ƙasan wurin ninƙaya na gidansa a garin Rialto, yana da shekara 47.